Huji a Kusurwar Karti

Ni ne na yi kuskure, ba mijin ƙanwata ba. Da wannan zan fara, domin akwai mutanen da suka ji rabin labarin a kasuwar Tirmini suka tafi da shi gida, ba su dawo sun ji ƙarshensa ba. Rabin da suka ji daga bakina ya fito, kuma ba gaskiya ba ne.

Ni baduku ne, ɗan baduku. A Birni aka haife ni, cikin Damagaram, a gidan da har yau nake zama a zaurensa ina ɗinkin alabe da kube da gidan laya. Karatuna na allo ne, sai ƴan shekaru a lakol, makarantar boko, da suka ishe ni karanta lamba da rubuta sunana. Mahaifiyarmu kuwa ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Tirmini. Can aka kai yayata aure, daga baya aka kai ƙanwata. Rijiya ce ta raba ƙauyen biyu. Dangin mahaifiyarmu suna gabas da ita, a nan yayata take. Dangin mijin ƙanwata suna yamma. Ba gaba ake yi ba, amma kowane gefe yana sa wa ɗayan ido.

Mijin ƙanwata, Ango muke ce masa tun ranar biki, har yanzu da gemunsa ya yi fari. Yana da butik, wato ɗan kanti, a bakin rijiya. Ya yi lakol fiye da ni, yana jin Faransanci, ya kafa pano, farantin sola, a rufin ɗakinsa yana saka wa wayoyin mutane wuta daga rana. In ya gan ni sai ya ce, "Sarkin dukawa ya sauka," ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ni kuwa ban taɓa sakin jiki da shi ba. In faɗi gaskiya, takalman roba da jakunkunan roba da ke rataye a ƙofar butik ɗinsa su ke tsaya mini a rai. Matan da iyayensu suka sa takalmin ubana, yanzu nasa suke sawa. Da ya gina ɗakin siminti na ce a raina, daga ina? Da ya sayi moto, wato babur, na sake cewa, daga ina? Ban taɓa kama shi da komai ba. Ina dai jira.

Wata shekara wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ya zo da taimakon takin zamani ga mata masu noma. A da takarda ake ba mutum ya kai ya karɓi buhu. Wannan karon suka ɗauki hoton kowace mace da zanen yatsanta, bayan wani lokaci suka aiko da kartoci farare, kowane da hoton mai shi. Ranar rabo mace za ta ɗora kartinta a kan wata ƴar na'ura mai kama da babbar waya, na'urar ta yi ƙara ta nuna hotonta, ta ɗora yatsa, a ba ta buhu. Da aka nemi wanda zai riƙe na'urar da buhunan, Ango aka zaɓa, don shi ke da wuta da Faransanci da ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Da labarin ya iske ni a Birni na ce, to, an ba shi abin da yake nema.

Kafin ruwa ya sauka na je ƙauyen wani suna. Jakar aikina ba ta rabuwa da ni. Bayan an ci abinci yayata ta kwance bakin zanenta ta fito da kartinta.

"Ɗan Birni, dubi wahalar da aka ɗora mana," in ji ta. "Abu sai santsi, ba ya ƙulluwa a zane. Maƙwabciyata a bakin akuya ta ƙwato nata. Kai da kake rataya wa mutane laya, ba ka rataya mana wannan?"

Na karɓa na juya shi. Ni ma ina da karti, na banki, wanda ƴata ta matsa mini na yi saboda masu sayen kaya daga nesa. Ita a banki take aiki. Nawa yana da wani ɗan faranti mai ruwan zinariya a fuskarsa, kuma ranar da ta miƙo mini shi ta ce, "Baba, nan ne ransa, kada ka karce shi." Na riƙe wannan magana da kyau. Na duba na yayata gaba da baya, ban ga zinariya ba. Na ce ashe wannan roba ce kawai da hoto, duk sirrin yana cikin na'ura.

Na zauna ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida na fito da mahuji, ƙarfen da muke ɗorawa a kan fata mu buga da guduma ya fitar da rami zagayayye. Kowane baduku ya san ba a huda abu a bakinsa sosai, don igiya za ta yage shi. Sai an shigo ciki kamar faɗin ƙwayar wake. Haka na yi a kusurwar kartin. Bugu ɗaya, rami ya fita tsaf. Na zura igiyar jar fata mai irin kitson gidanmu, na rataya mata a wuya. Kafin la'asar matan gabas sun cika ƙarƙashin tsamiya. Ban karɓi komai ba, na ce Allah ya kai ladan ga mahaifiyarmu. Suna ta sa mini albarka, ni kuma ina jin daɗi a ɓoye, don ga abin zamani ya zo amma sai da ya biyo ta hannun baduku. Matan yamma ba su zo ba. Nasu a cikin kwalla suke ajiyewa, wasu kuma suka ba Ango ya adana musu.

Mutum ɗaya ce ta ƙi a huda nata. Inna, yayar mahaifiyarmu, ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, kunnenta ma ya yi nauyi. Ni na shiga ɗakinta in gaishe ta, mu biyu kaɗai, na ce ta kawo nata.

"Hotona ne a jiki," ta ce. "Ba mai huda ni ina da rai. In ka iya, ɗinka masa gida kamar laya. In ba ka iya ba, ba ni abina."

Na yi dariya. Na yanka fata mai laushi na ɗinke kartin a ciki ruf, na sa wa fatar igiya irin ta sauran. Wanda ya gani a wuyanta, jar igiya zai gani kamar ta kowa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, gero ya kai lokacin da yake son taki. Sai yayata ta kira ni a waya. Ba ta ma gama gaisuwa ba ta ce, "Ɗan Birni, na'urar angonku ba ta san mu ba." Da safe na shiga mota.

Na tarar da taro a ƙofar butik. Ango yana zaune da na'urar a kan tebur, gumi ya jiƙa masa riga. Wata mace daga yamma ta ɗora kartinta, na'ura ta yi ƙara, hotonta ya fito, ta sa yatsa, aka ɗora mata buhu a kan jaki. Yayata ta cire nata daga wuya ta ɗora. Shiru. Ango ya goge shi da hannun rigarsa ya sake ɗorawa. Shiru. Na maƙwabciyarta ma haka.

"Sarkin dukawa, sannu da hanya," ya ce, bai ɗago sosai ba. "Ka ga abin da nake fama da shi tun jiya."

"Na gani," na ce. "Na kuma ga na'urarka ta san danginta."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ai a yamma aka yanke mata cibiya." Aka yi dariya, amma ba mai daɗi ba.

"Wallahi ba ni ke zaɓa ba," in ji Ango. "Na kira biro, ofishin masu furoje, sun ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna."

"To ka ba su buhunansu mana. Ai ka san fuskokinsu. Wannan ba yayar matarka ba ce?"

"In na ba da buhu na'ura ba ta karɓa ba, ni ne ɓarawo a wurin masu kaya."

"A wurinmu fa?"

Ya mayar da kansa kan na'urar. Na koma gefe na tsaya ina kallon hannunsa. Na lura babban yatsansa na hagu yana zama a gefen na'urar, na ce lalle akwai abin da yake dannawa a nan. Na lura in mace ta gabas ta matso sai ya haɗiye miyau, na ce alamar mai gaskiya ba haka take ba. Na leƙa ciki na ga an lulluɓe buhunan da babbar leda, na ce me ake ɓoyewa? Yanzu na san saboda yoyon rufi ne. A ranar kuwa duk abin da idona ya faɗa a kai, shaida ce. A cikin duk matan gabas, Inna kaɗai ta sami buhu. A amalanke aka kawo ta, aka ɗora kartin da fatarsa a kan na'ura, ta yi ƙara.

Da maraice maza suka taru a ƙofar gidan yayata. Na fito da kartina na banki na ɗaga.

"Kun ga na gaske? Da zinariyarsa. Ina ta matanku?"

Mijin yayata ya ce, "Ai na yamma ma ba su da ita."

"Nasu a hannunsa suke kwana. Wa ya san abin da ya sa musu?"

Daga nan na ƙara wata. Na ce kamar yadda samari ke tura waƙa daga waya zuwa waya, haka ya tsotse abin da ke cikin kartocin gabas ya zuba a wani wuri, in ƙura ta lafa ya fitar da buhunan ya sayar. Ban san daga inda na samo wannan ba. Da na faɗa sau biyu, ni kaina na yarda da ita.

Washegari na shiga gidan ƙanwata na same ta tana tankaɗe. Ban zauna ba.

"Kuɗin moto daga ina ya fito?"

Ta dube ni. "Yaya, moto ta tsufa har ta fara tari. Taki bana ya zo."

"Ni dai tambaya na yi."

"Tun ina yarinya nake cin tuwon gidan nan, ban taɓa cin na sata ba. In kana da shaida ka kawo. In ba ka da ita, ga ruwa, ka sha ka tafi."

Ban sha ba. Ranar kasuwar Tirmini na zauna wurin mai shayi na ba duk wanda ya zauna labari.

Maganar ta yi yawa har maigari ya tara maza a zaurensa. Ango ya zauna kusa da ƙofa. Da aka ba shi dama ya yi magana yana kallon tabarma.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da na lura, ina jin nauyin faɗarsa. Duk kartin da ya ƙi, akwai huji a kusurwarsa da jar igiya. Ban ce shi ne ba. Da suka koya mana aikin sun ce kada a lanƙwasa, kada a bar shi a rana. Ba su yi maganar huji ba. Amma dai na lura."

Bai dube ni ba, amma kowa ya dube ni.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tun ba a ƙera na'urarsa ba nake huda fata. Rami a kusurwar roba, nesa da hoto, nesa da lamba, me zai kashe? A tambaye shi. Inna da aka kawo a amalanke, jar igiya ce a wuyanta ko ba ita ba? Aikin hannuna ne ko ba shi ba? Nata ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi," in ji Ango a hankali.

"To kun ji. Ya bar tsohuwa ɗaya ta wuce don kada a ce ya ware gabas. Yanzu kuma zai ɗora wa igiya."

Na san na Inna ban huda shi ba. Ba mantawa na yi ba. Ina maganar ina ganin ɗakinta da fatar da na yanka. Na gaya wa kaina cewa wannan ba wani abu ba ne, tunda dai na tabbata ɓarawo ne, duk abin da zai kama shi daidai ne.

Maigari ya ce a dakatar da rabo, na'ura ta koma gidansa. Ni in tafi da kartin yayata birni masu sani su duba. Juma'a ta sama, bayan salla, Ango zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse, in ya ƙi a karɓe komai daga hannunsa a kai maganar gaba. A wurinmu mutumin da aka kai shi ga dafa Littafi saboda zargin sata, ko ya rantse ya tashi lafiya, sunansa ba ya komawa yadda yake. Na san haka, kuma na ji daɗi. Kafin in bar ƙauyen mutanen gabas sun kwashe wayoyinsu daga butik. Yayata ta daina amsa gaisuwarsa. A masallaci ya koma sahun baya.

A zaurena akwai wata ƴar taga a sama da rana ke shigowa ta cikinta da hantsi. Mu dukawa muna da al'ada, in an kawo fata sai mu ɗaga ta ga haske mu ga inda ta yi siriri da inda wuƙar mai fiɗa ta ci. Ina zaune ina juya kartin yayata, ina shirya abin da zan faɗa a biro, sai hannuna ya ɗaga shi ga tagar, ba da niyya ba. Na ga inuwar wasu layuka sirara a cikin robar, suna bin gefenta, sun kewaye ta kamar ɗinkin bakin alabe, suka taru a wani ɗan baƙin ɗigo. Ramin da na huda ya zauna a kansu daidai.

Abin da ya fara zo mini shi ne, ga abin da Ango ya saka. Na sa takalmi na nufi unguwar Kara-Kara, gidan ƴata, na jira ta taso daga aiki.

Ta kunna fitilar wayarta a bayan kartin, layukan suka fito sarai.

"Baba, wa ya huda?"

"Ba wannan na zo tambaya ba. Wannan zaren na mene ne? Wa ya sa shi?"

"Da shi aka ƙera shi. Ka ga baƙin ɗigon nan? Pis ne, ɗan'uwan wanda ke cikin wayarka. Irinsa ne ke ƙarƙashin zinariyar kartinka."

"Wannan ba shi da zinariya."

"Ba ya bukatarta. Pis ba shi da batir, barci yake yi sai na'ura ta ba shi wuta. Naka cusa shi ake yi, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ta zinariyar wuta ke shiga. Wannan ɗora shi kawai ake yi. Zaren tagullan nan da ya kewaye shi, shi ke kamo wuta daga na'ura ba tare da ya taɓa ta ba, ta cikinsa kuma yake ba da amsa. Ko a cikin aljihu ko a cikin fata yana ji. Amma in zaren ya tsinke a wuri ɗaya, shi ke nan, ba ya farkawa."

Na ce, "To mutum ba zai iya tsotse abin da ke ciki ya zuba a wani ba?"

"Ba kamar waƙa ba ne, Baba. Akwai mabuɗin sirri a cikin pis ɗin wanda ba ya fitowa waje. Na'ura tambaya take yi masa, kullum sabuwa, shi kuma ya yi lissafi da mabuɗin ya ba da amsa. Amsar jiya ba ta aiki yau. Ko ka saurari amsar, ba ka ga mabuɗin ba. Sannan ga yatsa. In ba yatsan Gwaggo aka ɗora ba, ba buhu."

"Wato ba a cuta da karti."

"Ana yi. Mutum ya ba wani kartinsa da lambarsa ta sirri don ya yarda da shi, a kwashe masa. Kullum muna gani. Amma wannan ba cutarsa aka yi ba. Rabon Gwaggo yana nan, ba abin da ya ragu. Bakinsa aka yanke." Ta kama igiyar tana murzawa tsakanin yatsunta. "Wannan kitson na san hannun. Da shi aka rataya mini laya ina ƙarama."

Ko a nan ban sauka ba. A hanyar gida ina cewa masu aikin biro duk bakinsu ɗaya, kuma Ango ya sha ɗaukar ƴata a moto in ta je ƙauye. Da na isa zaure na ɗauki askar da nake fere fata, na ɗaga fatar robar a bakin ramin a hankali. Ga bakin tagulla nan yana ƙyalli, siriri kamar gashi, a yanke ta nan, a yanke ta can. Na san yankan mahujina. Ba wanda zai gaya mini shi.

A biro wata madam ta duba ta faɗi abin da ƴata ta faɗa. Ta ce za a yi sababbi, amma sai an aika, ba aikin yau ba ne. Na fito ina lissafin yadda zan tsira. Na ce zan koma in ce masana sun duba, kartocin gabas tun daga wurin ƙira suka zo da ciwo. Ango ya fita, ni ma na fita, ba wanda ya ji kunya. Na ma gwada maganar a bakina, ta zauna daidai. Na kira ƴata na gaya mata.

Ta ce, "In sababbin suka zo, Gwaggo ta miƙo maka nata ta ce ka rataya mata, me za ka ce?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa:

"Kuma Ango ya faɗi gaskiya a gaban maigari, ka ce masa maƙaryaci. Wannan kuma wace ƙira ce ta zo da shi?"

Ranar Juma'ar na isa ƙauyen da hantsi. Ta gonar yayata motar ta bi, na ga geronta ya fara ja, na kawar da kai. Ita na fara gaya wa, a tsakar gidanta. Ta ajiye muciya.

"Kai ka sa na daina amsa gaisuwar mijin ƙanwata," ta ce. "Ni da na goya matarsa." Ta juya ga tukunyarta.

Na shiga wurin Inna na ɗaga murya na roƙi aron kartinta. Ta ce, "In ka huda ni sai na gaya wa uwarka." Na ce ba zan huda ba.

Sababbin kartocin sun zo daga baya, amma gero bai jira su ba. Matan gabas sun zuba taki a makare, rumbun yayata bai cika ba a shekarar, kuma ni na jawo. Ango ya ƙarasa rabon, sannan ya mayar wa masu furoje na'urarsu ya ce su nemi wani. Har yau in na je yana tashi ya ba ni kujera, amma Malam yake ce mini. Wannan duka daga baya ne.

A ranar, bayan salla, jama'a ta cika ƙofar maigari, mata suna tsaye daga nesa a gindin katanga, ƙanwata a cikinsu. Liman ya zo da Alƙur'ani a cikin gafaka. Gafakar ma ubana ya ɗinka ta. Ango ya sake alwala, hannun rigarsa a jiƙe, ya zo ya durƙusa. Maigari ya ce, "Baduku, me aka ce a birni?"

Na tashi. Na ce a dakata da Littafin. Na fito da na Inna, na sa aska na warware ɗinkin a gaban kowa, na zare kartin na miƙa wa maigari. Ya juya shi, ba huji. Na ɗaga na yayata ga rana na ce duk mai ido ya matso ya ga zaren da ke ciki da inda aka yanke shi. Mijin yayata ya matso, liman ya matso. Na faɗi abin da ƴata ta koya mini iyakar yadda na iya. Sannan na juya na durƙusa a gaban Ango, gwiwata tana taɓa tasa, na ce:

"Ango, a gaban mutanen nan na ɓata maka suna, a gabansu zan faɗi wannan. Ba ka taɓa kartin kowa ba. Ni na kashe su da hannuna ina zaton alheri nake yi. Wannan jahilci ne. Amma da ka faɗi gaskiya a zauren nan, na rufe maka baki da kartin Inna, alhali na san ban huda shi ba. Wannan ba jahilci ba ne, ƙarya ce. Tun kafin taki ya zo nake zarginka, saboda takalman roba da ɗakin siminti, ba don ka taɓa yi mini komai ba. Na shiga gidanka na yi wa matarka tambayar da ba ta kamata ba. Ranar kasuwa zan koma wurin mai shayin nan in faɗa wa duk wanda ya zauna abin da na faɗa yanzu. Ban ce lalle sai ka yafe mini yau ba. Na dai zalunce ka, kuma ina roƙonka gafara."